Kundin aikin atisayen tambayoyin hujja na jarrabawar LSAT

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau aka buɗe aikin. Abin da ake nufi shi ne a tsara atisayen da zai kai mai jin Hausa, wanda ke neman gurbin karatun lauya a Amurka ko Kanada, ga iya warware tambayoyin hujja na LSAT a cikin lokacin da aka ɗiba. Hukumar LSAC ce ke shirya jarrabawar, makinta kuma daga 120 ne zuwa 180. Digirin lauya na JD ake nema da ita, wanda a can galibi sai mai digirin farko ke shigarsa. Wanda zai karanta lauya a jami'ar Najeriya ba ruwansa da ita.

Fasalin jarrabawar ya sauya tun watan Agustan 2024. An cire sashen nan da ake zana jadawali ana jera mutane da kujeru. Yanzu sashe huɗu ne, kowanne minti 35, da hutun minti 10 tsakanin na biyu da na uku. Biyu na hujja ne, ɗaya na fahimtar dogon rubutu, ɗayan kuma na gwaji ne da ba a ba shi maki, ba a kuma gaya wa mai rubutawa wanne ne a ciki. Ke nan kusan kashi biyu cikin uku na makin yana hannun tambayoyin hujja. Kowane sashen hujja na ɗauke da tambaya 24 zuwa 26, kowace da zaɓi biyar, A zuwa E, kuma ba a rage maki don an yi kuskure. In aka raba minti 35 gida 25, kowace tambaya sakan 84 take samu.

Kayan aiki huɗu ne: tsofaffin jarrabawoyin hukumar da ke dandalinta na LawHub, littafin kurakurai ga kowane mai atisaye, agogo, sai tambayoyin da za mu riƙa rubutawa da Hausa. Dalilin na ƙarshen shi ne ciwo biyu ne ke kama mai atisaye, kuma maganinsu daban. Wani Turancin ne ya ɗaure shi, wani kuwa ko da Hausa aka kawo masa zancen ba zai ga inda hujjar ta karye ba. In ba a raba su ba, sai a yi ta ɗura wa mutum kalmomi alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Ba za a kwafo tambayar hukumar cikin takardunmu ba. Duk misalin da ya fito a nan namu ne, alƙaluman cikinsa kuma na misali ne kawai.

An tsayar da kalmomin aiki. Abin da mai magana ke son a yarda da shi, matsaya. Abin da ya jingina ta da shi, hujja. Tazarar da ke tsakaninsu, wadda ya tsallake bai cike ba, giɓi.

Asabar, 18 ga Janairu

An yi sashe ɗaya da agogo don a ga inda kowa yake. Aka bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi tushen mafi yawansu tun a karatun farko yake: ba a gane wace jimla ce matsaya ba. Wanda ya ɗauki hujja a matsayin matsaya, duk abin da zai yi bayan nan gini ne a kan yashi.

Al'adar da ta fi yin ɓarna ita ce zaton matsaya kullum a ƙarshe take. Sau da yawa a tsakiya take, musamman a irin ginin nan: “Wasu na cewa kaza. Amma sun yi kuskure, domin kaza da kaza.” Matsayar ita ce “sun yi kuskure”, gajeriyar jimlar da ido ke tsallakewa. Haka kuma jimlar da ta fara da “therefore” ko “thus” tana iya zama matsayar kan hanya, wadda ake takawa a hau zuwa babbar.

Gwajin da aka tsayar: a ɗauki jimlolin biyu da ake kokwanto, a sa “saboda” a tsakaninsu, a juya su ta fuska biyu. Misali, mai magana ya ce bai kamata a mayar da tashar mota bakin kasuwa ba. Titin wurin ƙunci gare shi, don haka cunkoso zai ƙaru. “Bai kamata a mayar da tashar ba saboda cunkoso zai ƙaru” ya zauna. “Cunkoso zai ƙaru saboda bai kamata a mayar da tashar ba” bai zauna ba. Abin da ya zo kafin “saboda” a jerin da ya zauna shi ne babbar matsaya, duk da cewa ɗayar ce ke ɗauke da “don haka”.

Aikin mako biyu: sakin layi 15 a rana, ba a duba zaɓi ko ɗaya. A ja layi ƙarƙashin matsaya, a rubuta giɓin da jimla ɗaya da Hausa. Ba agogo tukuna.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Zaman yau ya ɗauki lokaci, kuma ya cancanta. Batun “idan” da “sai” ne.

Akwai abin da samuwarsa ta isa ta tabbatar da wani abu, akwai kuma abin da ba makawa sai da shi amma shi kaɗai ba ya isarwa. Na farko mun kira shi mai isarwa, na biyu sharaɗi. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya riga ya san na biyun, ko bai san ya sani ba. Malaman usulu sun ce sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke wajabta rashin abu, amma samuwarsa ba ta wajabta samuwar abin. Sallah ba ta inganta sai da tsarki. Daga nan abu biyu kawai ke fita: in sallah ta inganta, to akwai tsarki, in babu tsarki, to ba ta inganta ba. Ba a ce duk mai tsarki sallarsa ta inganta ba, don yana iya yin ta kafin lokaci ko ya ba alƙibla baya da gangan. Da aka kawo wannan misalin, kuskuren juya zance ya fito fili ga waɗanda zanen kibiya bai yi musu amfani ba.

Sai dai a kula da wuri ɗaya. Sababi a wurin malaman usulu fuska biyu gare shi: samuwarsa na kawo hukunci, rashinsa na ɗauke shi. Mai isarwa na LSAT fuska ɗaya gare shi. “Idan aka yi ruwa, tsakar gida za ta jiƙe” bai ce komai ba game da ranar da ba a yi ruwa ba. Mai wanki ma na iya jiƙa ta. Don haka ba a yarda a fassara mai isarwa da sababi ba.

A maganar yau da kullum kuwa kunne ya saba jin “idan” da fuska biyu. Uba ya ce wa ɗansa idan ya gama sharar zai ba shi kuɗin kashewa, yaron ya san in bai gama ba babu. Wannan fahimtar zaman tare ce, kuma daidai take a gida. A jarrabawa ita ce tarkon. Abin da aka faɗa kaɗai ake riƙewa.

Yadda ake zanawa: mai isarwa a hagu, kibiya, sharaɗi a dama. Jimla ɗaya ce tak ke fita daga ciki ba tare da ƙari ba, wadda muka sa wa suna juya-ka-kore: a musanya ɓangarorin biyu, a kore kowanne. Wanda ya juya bai kore ba ya yi kuskure, wanda ya kore bai juya ba shi ma haka, kuma zaɓuɓɓukan ƙarya a kan waɗannan biyun ake gina su.

Hausa ta ba mu sa'a a nan, domin ginin “ba ... sai” yana nuna sharaɗi ba kwana-kwana. Ba a shiga sai da kati: duk abin da ya biyo bayan “sai” shi ne sharaɗi, dama yake tafiya. Shi ne “only if” na Turanci, kuma shi ne maganin “unless”, kalmar da ta fi kowace rikita masu atisaye. Jirgi ba zai tashi ba sai dai idan hazo ya washe. Zanen: jirgi ya tashi, kibiya, hazo ya washe. Washewar hazo ba ta tilasta wa jirgi tashi. Injin na iya ƙi. An umarci kowa, duk inda ya ga “unless”, “until” ko “without”, ya mayar da jimlar Hausa da “ba ... sai” kafin ya zana. Gargaɗi ɗaya: “sai” ta labari, irin ta “sai ya tashi, sai ya tafi”, ba ita ake nufi ba.

Akwai kuma bambancin “only” da “the only”. Ta farko sharaɗi ke bin ta, ta biyu mai isarwa ke bin ta. An bar wannan ga haddar misali biyu, don bayaninsa bai kai misalin amfani ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gyara a takardar da aka raba ranar Asabar, layi na 9. An rubuta: idan an samu ruwa da taki masara za ta yi, don haka in masara ba ta yi ba, babu ruwa kuma babu taki. Ba haka ba ne. Daidai shi ne babu ruwa ko babu taki, rashin ɗaya ya isa. Duk lokacin da aka kore, “da” na komawa “ko”, “ko” na komawa “da”. “Ko” ɗin jarrabawar kuma tana ɗaukar duka biyun, sai in an fito an ce ɗaya kawai. Wanda ya riga ya kwafa ya gyara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tambayoyin ɓoyayyen zato, wato abin da mai magana ya ɗauka a ransa bai furta ba. Iri biyu ne, kuma an ga ana cakuɗa su. Ɗaya na neman zaton da zancen ba zai tsaya ba sai da shi. Jimlar tambayar kan zo da “depends”, “relies” ko “requires”. Ɗayan na neman zaton da in aka ƙara shi matsaya ta tabbata ɗari bisa ɗari. Alamarsa “follows logically if” ko “properly drawn if”. Na farko amsarsa kan zo da laushi, na biyu da ƙarfi. Mai neman amsa mai ƙarfi a tambaya ta farko zai faɗi ko da ya fahimci zancen sarai.

Tambayar da aka rubuta don nau'in farko:

Shugaban 'yan kasuwa ya ce: “Tun da aka kafa fitilu masu aiki da hasken rana a layin 'yan tumatir, ƙarar sata da ake kawo wa ofishinmu daga layin ta ragu da rabi. Ke nan fitilun sun rage sata a layin.” Wanne ne maganarsa ba za ta tsaya ba sai da shi?

A. Fitilu sun fi kowace hanya araha wajen hana sata.
B. Ba dukan raguwar ƙarar ce ta faru don 'yan layin sun gaji da kai ƙara ba.
C. Babu layin da sata ta taɓa raguwa a cikinsa ba tare da fitila ba.
D. Duk ɓarayin kasuwar da dare suke sata.
E. Sata za ta ci gaba da raguwa a layin baɗi.

Giɓin a fili yake ga wanda ya yi aikin rubuta giɓi na watan jiya: hujja na maganar ƙara, matsaya na maganar sata. Ba abu ɗaya ba ne. Mutum na iya daina zuwa ofis don ya ga ba a taɓa kamo masa ɓarawo ba.

Gwajin korewa shi ke raba gardama. A kore zaɓi, a ga ko zancen ya rushe. Kore B: dukan raguwar ta faru ne don sun gaji da kai ƙara. Maganar shugaba ta faɗi warwas, ke nan B ce. Kore D: wasu ɓarayin da rana suke sata. To sai me? Fitila na iya korar na dare, sata ta ragu, zancen na nan daram. D ce ta fi ɗaukar mutane, don tana taimakon shugaban ƙwarai. Amma taimako daban, larura daban. C ma haka, ta yi faɗin da zancen bai buƙata. A ta shigo da kuɗi, E ta shigo da baɗi, babu wanda ya tambaye su.

Inda gwajin ke lalacewa shi ne wurin korewar kanta. Kishiyar “duka” ba “babu ko ɗaya” ba ce, “ba duka ba” ce. Kishiyar “kullum” ita ce “ba kullum ba”. Kishiyar zafi a nan ba sanyi ba ne, rashin zafi ne, har da ɗumi a ciki. Wanda ya kore D da “babu ɓarawon da ke sata da dare” zai ga zancen ya rushe, ya zaɓi D da ƙwarin gwiwa. Gwajin kuma yana cin lokaci, don haka a kan zaɓi biyun ƙarshe kawai ake yin sa.

Nau'i na biyu gada ake nema. “Rumfar nan a kan hanyar ruwa take, don haka ba za a sabunta mata izini ba.” Gadar: duk rumfar da ke kan hanyar ruwa ba a sabunta mata izini. Tarkon da ke zuwa kusan kullum shi ne gadar da aka kifa: duk rumfar da aka hana izini a kan hanyar ruwa take. Kalmomin iri ɗaya, kibiyar ce ta juya. Gada daga hujja take tashi ta sauka a matsaya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kalmomin adadi. Bahaushe in ya ce wasu sun zo, an fahimci wasu ba su zo ba. “Some” na jarrabawar ba haka take ba: aƙalla ɗaya, kuma tana iya kaiwa duka. “Most” fiye da rabi ce, ita ma tana iya kaiwa duka. “Many” ba ta da adadin da za a kafa hujja da shi, a ɗauke ta kamar “some”. An daina fassara “some” da “wasu” a takardunmu. “Aƙalla ɗaya” ake rubutawa, ko da jimlar ta yi nauyi a baki.

Haɗi ɗaya ne ya cancanci hadda. Aji mai ɗalibi 100, fiye da rabi na jin Larabci, fiye da rabi na jin Faransanci. Kowane rukuni aƙalla 51, jimla 102, ajin kuwa 100 ne. Dole a sami mai jin duka biyun. Amma sarƙar “most” ba ta haifar da komai: mafi yawan masu Keke Napep na unguwa matasa ne, mafi yawan matasan unguwar ɗalibai ne. Masu keke 20, matasa 15 a cikinsu. Matasan unguwa 1,000, ɗalibai 600. Duka 15 ɗin na iya faɗawa cikin sauran 400. Duk wanda ya yi shakka ya sa lambobi ƙanana ya gwada, ya fi gardama sauri.

Asabar, 8 ga Maris

Saboda azumi an mayar da sashen agogo bayan asuba, bita kuma bayan tarawihi. An rage tambayoyin rana daga 25 zuwa 15, ba a taɓa lokacin bita ba.

Batun mako: sanadi, wanda a kansa ake gina kaso mai tsoka na tambayoyin ƙarfafawa, raunanawa da gano aibi. Siffar ba ta cika sauyawa ba. An ga abu biyu na tafiya tare, sai aka yanke cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Kafin a dubi zaɓi, a yi wa zancen tambayoyin nan. Ko wani abu na uku ne ya haifi duka biyun? Ko na biyun ne ya haifi na farkon? Ko dace ne kawai? Ko ma'aunin da aka auna da shi ne ke da matsala, kamar ƙarar satar layin 'yan tumatir?

Misalin da ya fi aiki: an lura manoman da ke sayen taki da yawa sun fi samun amfani, sai aka ce takin ne. Wataƙila mai kuɗin taki shi ne mai fadama, mai injin ban-ruwa, mai iya ɗaukar 'yan ƙodago a kan kari. Wataƙila kuma amfanin bara ne ya ba shi kuɗin takin bana. Zaɓin da ya nuna gonar da aka zuba taki ba ta yi ba, ko wadda ta yi ba taki, yana raunanawa. Zaɓin da ya toshe ɗaya daga waɗannan ƙofofin, misali ya ce gonakin duka ƙasarsu da ruwansu iri ɗaya ne, yana ƙarfafawa.

Kuskure biyu suka yi ta dawowa. Na farko, neman zaɓin da zai kashe zancen murus. Raunanawa ba kisa ba ce, ya isa a rage wa matsaya ƙarfi. Na biyu, gardama da zaɓin: “ai wannan ba ya faruwa.” Tambayar ta ce “if true”, an riga an ba ka shi a matsayin gaskiya, aikinka ka ga me zai yi wa giɓin. A tambayoyin abin da dole ya zama gaskiya kuwa lamarin juyawa yake. Can sakin layin ne gaskiya, zaɓi ne ake tuhuma, kuma duk ilimin da ka shigo da shi daga waje, komai ingancinsa, cutar da kai zai yi. Masu karatun tattalin arziki da likitanci sun fi faɗawa wannan ramin, don sun san amsar duniya, ba ta takarda ba.

Sai tambayoyin “EXCEPT”. In aka ce duka suna raunanawa ban da ɗaya, ɗayan ba lalle ne ya ƙarfafa ba. Sau da yawa ba ruwansa da zancen ne kwata-kwata.

An ƙara rabin sa'a kan kaso da adadi. Shago ya sayar da rabin buhunan shinkafar gari bara, bana kashi 40 cikin ɗari. Ba a ce cinikinsa ya ragu ba. In bara buhu 1,000 aka sayar a garin, bana 2,000, ya tashi daga 500 zuwa 800.

Asabar, 22 ga Maris

An koma cikakken sashe da agogo, biyu a mako. Abin da ya bayyana shi ne lokacin ba a tambayoyi masu wuya yake salwanta ba, a masu sauƙi ne, wurin sake karanta amsar da aka riga aka gane. Galibi tambayoyin farko sun fi sauƙi, wuyar na ƙaruwa daga tsakiya, ko da yake ba a jere sak ba. Ma'aunin da aka sa: tambaya 10 na farko cikin minti 11 zuwa 12, a kai ta 20 kafin minti 27. Duk tambayar da ta ci minti biyu ba a kai ga zaɓi biyu ba, a danna ɗaya, a sa mata tuta, a wuce. Makin kowace tambaya ɗaya ne. Tambayar neman zance mai kama da zance, wadda zaɓinta biyar kowanne sakin layi ne, a bar ta ƙarshe in lokaci ya matse. Ba a barin gurbi fayau, tunda ba a cire maki.

A kwamfuta ake jarrabawar, don haka daga yau a kwamfuta ake kowane sashe na agogo, da kayan allon: shafa launi a jimla, soke zaɓi, sa tuta. Mai atisaye a takarda ya saba zana kibiya a gefen rubutu. A allo sai ya ɗauke ido zuwa takardar zane ya dawo, kuma wannan ma sabo yake so.

Babban sauyin shi ne bita ta biyu. Da agogo ya tsaya ba a duba amsa. A koma kan duk tambayar da aka sa wa tuta, ba agogo, a sake ta, a rubuta amsa ta biyu kusa da ta farko, sannan a buɗe amsoshi. Wanda ya faɗi da agogo ya ci a bita, ilimin na nan, sauri ne babu, maganinsa maimaici. Wanda ya faɗi duka biyu, darasin ne bai zauna ba, ya koma takardar nau'in. Wanda ya ci da agogo ya sauya a bita, yawan tunani ne ya kai shi ya baro. Mafi haɗari ita ce wadda aka faɗi ba a ko sa mata tuta ba, domin mutum ya tabbata a kan kuskure. Irin wannan ita ake fara kawowa zaman Asabar.

Littafin kurakurai ya samu sabon tsari. Da ana rubuta “rashin kula” a gaban kusan kowace tambaya, wanda bai koya wa kowa komai. An haramta kalmar. Yanzu dole a amsa abu biyu a rubuce: wace kalma ce a zaɓin ƙarya ta ja ni, wace kalma ce a zaɓin gaskiya ta kore ni. Bitar sashen minti 35, in an yi ta yadda ya kamata, takan ci sa'a ɗaya da rabi ko fiye. Wanda ya gama cikin minti 20 amsoshi ya duba, bai yi bita ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Lissafin kayan aiki: jarrabawoyin da ke LawHub a sabon fasali, waɗanda lambarsu ta fara daga 101, daga tsofaffin tambayoyi aka sake harhaɗa su. Wanda ya yi atisaye da tsofaffin littattafan hukumar zai riƙa cin karo da tambayar da ya sani, makinsa ya kumbura ba gaira ba dalili. An raba su: na baya-bayan nan an kulle su don cikakken gwaji na sashe huɗu, sauran a yanka su nau'i-nau'i. Dalilin tsantsenin shi ne hukumar ta iyakance zama: sau 5 cikin shekara biyar ɗin da maki ke aiki, sau 7 a rayuwa. Ba a shiga ta gaske don a ɗanɗana.

Sabon atisaye, wanda ya zuwa yanzu ya fi kowanne tasiri a tambayoyin gano aibi: kowa ya rubuta zaɓin ƙarya huɗu da kansa. A ba shi zance da amsar gaskiya, ya ƙera ɗaya mai wuce gona da iri, ɗaya mai kifa kibiya, ɗaya mai faɗin gaskiyar da ba a tambaya ba, ɗaya mai ambaton aibin da ya shahara amma babu shi a wannan zancen. Na ƙarshen shi ne ke kama mutane a jarrabawa. Zaɓi ya ce mai magana ya kafa hujja da matsayarsa, ko ya soki mutum maimakon maganarsa. Aibobi ne na gaske, sai dai tambaya biyu ake yi wa kowane zaɓi, shin mai maganar ya aikata haka, kuma shin nan ne zancen ya karye. Wanda ya sha ƙera tarko yakan gane shi tun daga nesa.

Wahalar da ta rage a nan ta Turanci ce zalla. Zaɓuɓɓukan aibi da harshe mai nauyi ake rubuta su, ba a ambaton tumatir ko fitila, sai “wani yanayi” da “wani sakamako”. Dabarar ita ce a mayar da kowace kalmar sama zuwa abin da ke cikin zancen: wane yanayi, fitila; wane sakamako, raguwar ƙara. In kalma ɗaya ta rasa abin da za ta zauna a kai, zaɓin ya fita.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi cikakken gwaji na farko, sashe huɗu da hutun minti 10. Kurakuran sharaɗi da na adadi sun ja baya sosai. Sabuwar matsala ta fito a sashe na huɗu: gajiya, inda ake faɗuwa a tambayoyin da da safe ba za su gagara ba, kuma littattafan kurakurai sun nuna yawancinsu tsallake “not” ne ko “EXCEPT”. Daga mako mai zuwa za a riƙa haɗa sashe biyu a jere ba hutu ranar Laraba.

Ba a taɓa tambayoyin ƙa'ida da na saɓanin mutum biyu ba tukuna. Takardarsu na hannun masu rubutawa, za a raba ranar 19. Har yanzu kuma ba a daidaita kan fassarar “few” ba. “Kaɗan” na faɗin cewa akwai, amma ba ta fito da ɗaya rabin ma'anar ba, wato mafi yawa ba haka suke ba. An ba mutum biyu su zo da jimla goma-goma a gwada a zama na gaba.